Shawul daga Jabo: saƙar hannu da Hausawan da ke ƙasashen sanyi

Da zarar an gama kaka, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Jabo da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, sai kwarashi ya fito daga ƙasan adaka. Mata kan zauna a tsakar gida da hantsi, ƙullin ulu a cinya, suna saƙa hular sanyi da safa da 'yar suwaita da shawul na naɗe jariri. A da, abin da aka saƙa bai wuce jikokin gida da kayan barka na maƙwabta ba. Yanzu kuwa, a gidan da ke da ɗa ko ɗiya a waje, wani sashe na wannan aiki yana da doguwar tafiya a gabansa: mota zuwa Sakkwato, daga nan Kano ko Abuja, sai jirgi zuwa Landan ko Alƙahira ko Madina ko Toronto.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wahalar banza ce, tunda kantunan can cike suke da kayan sanyin da suka fi namu kauri. Amma duk wanda ya zauna da Hausawan waje ya san ba ɗumi kaɗai suke nema ba. Na'urar ɗumama ɗaki tana ba su wannan. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne abin da hannun wani nasu ya taɓa, wanda aka zauna aka yi dominsu da sunansu.

Tufa ta daɗe tana bin matafiyi

Ƙasar nan ba baƙuwar tafiya ba ce. Jabo tana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, kuma a ƙarni na 19 Jega babbar kasuwa ce a kan hanyar fataken Gwanja. Ayari kan ɗauki saƙi da baƙin rini da kanwa da jar fata zuwa Salaga, ya komo da goro. Daga cikin waɗannan fatake da masu cin ranin da suka biyo bayansu aka sami mutanen da suka cika zangon Kumasi da na Ankara. Da Baturen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar Hausa take kaiwa har Tumbuktu da Gat da Tarabulus.

Gabas ma haka. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, mutanenmu na cikin waɗanda suka riƙe tsinkar audugarsa. Sun bar auduga a gida, sun tarar da ita a can.

Duk wanda ya kama waɗannan hanyoyi yakan tafi da gwadonsa. Uwarsa ko matarsa ce ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da abawa da mazari, aka kai wa masaƙi ya fitar da sawaye, aka haɗa. Tumakinmu, uda da balami da 'yankasa, ba su da gashin da ake kaɗawa, shi ya sa maganin ɗarin kakanninmu auduga ce mai kauri, gwado da luru, bargon gashi kuwa sai an kawo daga nesa, irin na masaƙan Fulanin Masina a Mali. Yadin masaƙu na zamani, tun daga masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, ya rage wa mazari kasuwa, daga baya kayan Sin da gwanjo suka durƙusar da masaƙun su ma. Sai dai hannun mata bai zauna haka nan ba. Ya saki mazari ya kama kwarashi.

Jego babu Inna

Inda shawul ya fi nauyi a zuciya shi ne wajen haihuwa. A al'adarmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Ciki na tsufa za a mai da yarinya gidansu goyon ciki. In ta sauka lafiya, akwai mai hura wutar wanka da asuba, akwai mai dama kunun kanwa, akwai mai gasa nama, akwai tsohuwar da za ta karɓi jariri ta yi masa wanka ta gasa masa cibi. Haka za a yi ta yi har kwana arba'in, mai jego ba ta ɗaga ko tsinke.

Ɗiyar da ta haihu a Manchesta ko Birmingham ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa kwana ɗaya ko biyu za ta yi a asibiti a sallame ta, ta koma ɗaki a saman bene, maigida ya ɗan zauna ya koma bakin aiki. A watan Disamba rana kan faɗi a Ingila kafin ƙarfe huɗu na yamma. Kawo Inna kuwa sai an nemi biza, a tara takardun banki, a biya kuɗi masu yawa, kuma ana iya hanawa. Ranar suna za a yanka rago a Jabo, a raba goro, a yi ta “Allah shi raya” ta waya, alhali mai sunan yana wata duniya.

A irin wannan hali uwa takan yi abin da ke cikin ikonta. Tun ciki na wata biyar ko shida za ta aika a sayo mata ulu, ta fara. Shawul na jariri aikin makonni ne ga mai aikin gida, ana yi ana ajiyewa, tsakanin girki da sallah. In an gama a wanke, a turara shi da turaren wuta, a ƙulle a leda, a shiga cigiyar mai tafiya. Wanda ya ga mai jego ta kwance irin wannan ƙulli, ƙamshin ɗakin uwarta ya bugi hancinta, ba zai ƙara tambayar amfaninsa ba. An ce zumunci a ƙafa yake. To, inda biza ta tare ƙafa, hannu ne ke biyan bashin.

Ba masu jego kaɗai ba. Tun daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai 'yan waje tafiya da iyalinsu, a Maris na shekarar kuma ta sa irin wannan doka a kan masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Ma'ana akwai magidanta da matan aure da ke kwana su kaɗai, iyali na gida. Akwai ɗaliban Azhar da suka zaci Masar ƙasar zafi ce sai Janairu ya gwada musu ba haka ba ne. Akwai wanda aka yi masa rasuwa bai sami zuwa jana'iza ba, ya karɓi gaisuwa ta WhatsApp. Ga irin waɗannan, hular sanyi ko mayafin wuya da ƙanwa ta saƙa yana cewa abin da baki ke jin nauyin faɗa, domin mu mutane ne masu kunya, uwa ma ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta ce masa tana kewarsa.

Abin da ke wucewa a filin jirgi

Saƙa tana da wata fa'ida da duk mai ɗaukar saƙo ya sani. Jakar matafiyi kilo 23 ce a yawancin jirage, kuma kowa a unguwa yana da abin da yake so a kai wa nasa: kuka, daddawa, yaji, kuɓewa busassa. Kilishi da dambun nama, waɗanda su aka fi marmari, Ingila da Amurka sun hana shiga da su, in an gani a ƙwace. Shawul kuwa ba ya da nauyi, ba ya lalacewa, babu jami'in da zai tare shi. Tsarabar abinci takan ƙare cikin wata guda. Shi yana nan har a haifi ƙane a naɗe shi a ciki.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata na gida su sani. Na farko, ulun da ya cika kasuwanninmu na roba ne, ba gashin tunkiya ba. Yana da sauƙin wanki, yana da araha, ya ishi hunturun Sakkwato, amma ba zai tare sanyin Kanada ba, inda ma'auni kan sauka digiri 20 ƙasa da sifili. Don haka a ɗauke shi abin yafawa a cikin ɗaki, kada a dogara da shi a waje.

Na biyu ya shafi rai. Kakanni sun saba cewa a rufe jariri ruf, hula da safa da shawul, kada sanyi ya kama shi. A ɗakin da ke da na'urar ɗumi wannan haɗari ne. Ma'aikatan lafiya a Ingila suna ba da shawarar ɗakin barcin jariri ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 20, a kwantar da shi rigingine, a cire masa hula in yana barci a cikin gida, kada kuma a bar mayafin da zai iya rufe masa fuska. Yarinyar da ta ce, “Inna, an ce a cire mashi hular in zai kwana,” ba raina kyautar ta yi ba. Shawul na goyo ne da fita da shayarwa, kuma ya kamata iyaye mata su ji haka daga bakin 'ya'yansu ba tare da an ga baƙinsu ba.

Yaba kyauta tukwici

Abin da ke damuna shi ne hanyar ta cika zama ta gefe guda. Na waje yana karɓa yana godiya, yana ɗaukar hoto ya turo, amma ba kasafai yake lissafa abin da aikin ya ci ba. Matar da ta yi makonni tana saƙa a Jabo tana sayar da irinsa a kuɗin da da ƙyar ya wuce na zaren, saboda gwanjon suwaita ya karya farashi. In aka ci gaba a haka, kwarashi zai bi mazari, 'yan mata za su ga babu riba su watsar.

Hausawan waje suna da ikon hana wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Kyautar uwa ba a biyanta, amma ana iya aiko mata da zaren gashin tunkiya na gaske, wanda ke samuwa a can cikin sauƙi, da tabarau in ido ya fara rauni. Wanda ba uwarsa ce ta saƙa ba, ya biya kuɗin aiki bisa kwanakin da ya ci, kada ya nemi ragin 'yan uwantaka. Ƙungiyoyin Hausawa da ke haɗuwa a masallatai da bukukuwan Sallah a waje suna iya haɗa odarsu wuri guda tun da damina, a ba matan gari ɗaya, kaya su iso kafin Nuwamba, a riƙa kai wa duk wadda ta haihu ko wanda ke jinya. Uwar da ta iya saƙa kuma ta zaunar da ɗiyarta da aka haifa a can ta koya mata, domin a zaman saƙa ake hira, a hira kuma yaro ke tsintar Hausa.

Mata a Jabo da Tambuwal da Kebbe sun riƙe nasu ɓangaren, suna yi da ɗan abin da ke hannunsu. Saura na waje su aiko da zare, su biya aiki da darajarsa, su kuma ba da odar baɗi tun kafin hunturun bana ya wuce.