RAƘUMIN DAWA BA RAƘUMI BA NE

Darasinmu na yau a kan raƙumin dawa ne. Mutanen Kurfai sun san shi, don yakan taso daga Kure ya biyo Dallol Boso har wajejen Fandu, kudu da Filinge. Sunansa ya sa wasu suna tsammani ɗan'uwan raƙumi ne. Ba haka ba ne. Ya fi kusa da saniya da akuya da barewa. Ga shaida uku, ku duba da kanku.

Ta fari, ƙafa. Raƙumi yana da tafi mai faɗi, mai taushi. Raƙumin dawa kuwa kofato gare shi, rababbe biyu, irin na saniya.

Ta biyu, ciki. Mahauta sun san cikin saniya ɗaki huɗu ne. Haka na akuya, haka na raƙumin dawa. Raƙumi shi ma yana tuƙa, amma cikinsa ɗaki uku ne.

Ta uku, ƙaho. Raƙumi ba shi da ƙaho. Raƙumin dawa yana da ƙaho gajere, fata da gashi sun rufe shi.

Masana ba su tsaya nan ba. Sun tono tsofaffin ƙasusuwa a cikin ƙasa, sun kuma gwada jinin dabbobi. Suka gano cewa saniya da barewa da raƙumin dawa kakansu ɗaya ne. Wata ƙaramar dabba ce marar ƙaho, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 25 da suka wuce. Ku tuna, miliyan ɗaya dubu ce sau dubu.

To, yaya dabba ɗaya ta zama iri-iri? Ku dubi tashar kiwo ta Tukunus, kusa da Filinge. Can ana zaɓen bijimin Azawak mai kyau, a bar shi ya yi barbara, ƴaƴansa su gaji kyansa. A daji babu makiyayi mai zaɓe. Yunwa da fari da namun daji su ne ke zaɓe. Dabbar da jikinta ya dace da wurin zamanta ita ke rayuwa ta haihu. A hankali, cikin dubban shekaru, zuri'ar kowane wuri sai ta sake kama.

Wuyan raƙumin dawa misali ne. Ƙashin wuyansa bakwai ne, daidai da na akuya, daidai da naku. Kowane ƙashi ne ya yi tsawo. Mai dogon wuya yana cin ganyen da sauran dabbobi ba su kai ba, kuma da wuya maza ke faɗa a kan mata. A tsibirin Samos na ƙasar Girka an tono ƙasusuwan wani danginsa na kimanin shekara miliyan 7, mai matsakaicin wuya. A kurmin Kwango kuma har yanzu akwai ɗan'uwansa mai gajeren wuya, sunansa okapi.

Wani reshen wannan dangi ya yi nisa ƙwarai. A Asiya da Turai akwai wata irin barewa mai ƙaho kamar rassan itace. Ƙahon yana faɗuwa kowace shekara, sabo ya fito. Barewarmu kuwa ba ta zubar da nata. A da can akwai tudu da ya haɗa Asiya da Amurka, inda teku yake yanzu. Kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce, kakannin waccan barewa suka bi tudun suka shiga Amurka. Cikin jikokinsu akwai wadda ake kira mai kunnen alfadari, saboda girman kunnuwanta. Raƙumi kuwa asalin danginsa Amurka ne. Ta wannan tudu kakanninsa suka fito zuwa Asiya. Kun ga gidansu daban.

Mu dawo gida. A da, Sahara tana da ruwa da ciyawa. Dallol Boso kansa tsohon kogi ne da ke gangarowa daga Azawak. A Dabus, cikin ƙasar Abzin, mutanen da sun zana raƙumin dawa a jikin dutse, tsawon zanen ya fi mita 5. Da ƙasa ta bushe, dabbobin suka yi kudu. Farauta da saran itatuwa da fari suka ƙarar da su a Senegal da Mali da Nijeriya. A 1996, guda 49 kaɗai suka rage, dukansu a ƙasarmu. Da aka tsare su, ƙidayar 2017 ta ba da fiye da 600. A 2018 an kai guda 8 gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, don su yaɗu can ma.

Gwajin jini ya nuna irin namu daban yake da na Cadi da Kamaru. Idan ya ƙare nan, babu inda za a samo wani.

Gaskiya ne yana yi wa manomi ɓarna. Yana cin wake a gona, yana cin mangwaro a lambu. Idan haka ta faru, ku sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji. Kada ku harbe shi, kada ku ɗana masa tarko. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe shi. Kada kuma ku sare gawo, don shi ne abincinsa da rani, shi ne kuma takin gonarku.

Kafin haɗuwa ta gaba, ku tattauna da malaminku, kowa ya rubuta amsa a littafinsa:

1. Ɗaki nawa ne a cikin saniya, nawa a cikin raƙumi?
2. Ƙashi nawa ne a wuyan raƙumin dawa?
3. Wane itace ya kamata mu tsare a gonakinmu, kuma don me?