Kafin a Kafa Rumfa a Filin Biki

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal a lokacin bukukuwan sallah, ko da kaka sa'ad da 'yan dambe da 'yan kokawa suka fito, ya san yadda fili ke zama kasuwa cikin ɗan lokaci. Kafin makaɗa su gama shiri, mai tsire ya haɗa tukuba, mai waina ta ɗora tanda, yara sun jera robobin zoɓo da kunun aya cikin ƙanƙara, mai cajin waya ya tayar da janareta ya ja igiyar wuta ta ƙarƙashin ƙafafun jama'a. Can sai ga ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan littafinsa yana yagar rasit. Akasarin masu sana'ar nan ba su san wata takarda ba sai wannan. Abin da take shaidawa kawai shi ne an biya kuɗin wuri. Ba ta tambayi inda aka ɗebo ruwan zoɓon ba, balle tazarar da ke tsakanin jarkar fetur da garwashin mai tsire.

A Ingila, mai son sayar da abinci a bikin da ake yi a fili sai ya yi rajista da hukumar yankinsa aƙalla kwana 28 kafin ya fara sana'a. Jami'ai kan duba tsaftarsa su ba shi maki daga 0 zuwa 5. Masu shirya bikin kuma sukan nemi shaidar cewa ƙwararre ya duba tukunyar gas ɗinsa da kayan lantarki, da inshorar da sau da yawa kan kai fam miliyan 5, sai wata takarda da zai rubuta abin da ka iya cutar da mutane a rumfarsa, da wanda abin zai shafa, da matakin da ya ɗauka. Inshorar miliyoyi ba zancen mai waina ba ne a Danchadi ko Kajiji. Amma waccan takarda ta ƙarshe ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce ta fi sauran amfani, domin tana tilasta wa mutum ya yi tunani tun wuta ba ta kama ba.

Ba doka ce ta yi ƙaranci a nan gida ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da bayin jama'a da wuraren sayar da abinci. Duba-gari, wanda dattawa har yau suke tuna yadda yake leƙa randa a zamanin En'e, yana nan da sabon suna, jami'in lafiyar muhalli, kuma tun 2002 akwai dokar tarayya da ta tsara aikinsa. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke lura da abin da aka ƙulla a leda ko aka zuba a kwalba. Akwai kuma gwajin lafiyar masu dafa abinci, wanda ake son a riƙa maimaitawa duk wata shida, a duba taifot da ciwon hanta da tarin fuka.

Mai abinci kan ce ita lafiyarta ƙalau, me za a gwada? Amsar tana cikin labarin Mary Mallon, wata mai dafa abinci a birnin New York da aka gano a 1907. Ba ta kwanta ciwo ba, amma tana ɗauke da ƙwayar taifot, kuma gidajen da ta yi wa girki sai cutar ta ɓulla a cikinsu. Mutum na iya yawo garau alhali hannunsa na raba cuta.

Mutanen Shagari ba sai an je da su Amurka ba. A watan Agustan 2024 mutum 7 'yan gida ɗaya suka rasu a ƙauyen Runjin Barmo na gundumar Kajiji bayan sun ci abincin rogo. Rogo mai ɗaci yana da guba a jikinsa, wadda ba ta fita sai an feraye shi an jiƙa an shanya yadda ya kamata. Shekara uku kafin nan, a Danzanke ta ƙaramar hukumar Isa, mutum 24 suka mutu bayan an sa gishirin lalle a girki da zaton gishirin miya ne. Duka biyun tukunyar gida ce. Tukunyar biki kuwa ɗaruruwa take ciyarwa, waɗanda da magariba kowa zai hau babur ya koma ƙauyensu.

Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ya fi kama da haɗarin filin taro. Garin ɗan tsami da na haɗa lemo da suka lalace suka shiga kasuwa, masu ƙananan sana'a suka saya suka haɗa abin sha, mutane suka fara amai da fitsarin jini. Gwamnatin jihar ta sanar da rasuwar mutum 10, ɗaruruwa kuma suka kwanta asibiti. Matar da ta haɗa lemon ba muguwa ba ce. Ta sayi gari a ƙullin leda, ba suna, ba ranar lalacewa, daga hannun wanda shi ma awo ya saya. Da akwai takardar da ta tambaye ta sunan kantin da ta yi sayayya, da an gajarce wa masu bincike tafiya.

Sai zafi, wanda a ƙasar Sakkwato yakan haura maki 40 a Maris da Afrilu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin maki 5 da 60, don haka kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba cikin sanyi ba. Shinkafar da aka sauke da hantsi aka rufe a kula har la'asar ta daɗe da wuce wannan iyaka, ko da ƙamshinta bai sauya ba. Ƙanƙara ma ba ta tsarkake ruwa: in da ruwa mai datti aka haɗa ta, cutar na nan tana jiran ta narke. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. Filin da ya tara dubban mutane ba bayi ba wurin wanke hannu hanya ce buɗaɗɗiya ga wannan cuta.

Batun wuta gajere ne: rumfunan zana da leda a manne da juna, iskar hunturu, da mai ƙara fetur a janareta ba tare da ya kashe shi ba. Zanen fili a takarda guda, masu wuta a gefen da iska ke ficewa, da hanyar da mota za ta iya shiga, ya isa ya rage rabin damuwar.

Cunkoso ne ya girgiza ƙasar a Disambar 2024. Yara 35 suka mutu a wani bikin yara a Ibadan ranar 18 ga watan, kwana uku bayan haka aka sake rasa rayuka a wuraren rabon abinci a Okija da Abuja. Daga nan jihar Legas ta ce duk taron da zai haura mutum 250 sai an nemi izinin hukumomin kare lafiyar jama'a. Tambayoyin da ake yi ba masu wuya ba ne: mutum nawa ake sa ran zuwansu, ƙofa nawa ce, in wani ya faɗi wa zai ɗauke shi kuma zuwa ina. A Shagari ya kamata a ƙara ɗaya, domin wasu ta ruwa suke zuwa. Ba a manta da mutum 29 na Gidan Magana da kwalekwale ya kife da su a Afrilun 2022 ba. Ba biki suka nufa ba, amma ranar biki ce jirage suka fi cika.

Akwai masu cewa sabuwar takarda sabuwar ƙofar karɓar na goro ce, kuma da yawa daga masu talla ba su yi boko ba. Wannan tsoro yana da tushe, kuma in aka kwafo fom ɗin Turanci mai shafi goma, abin da zai faru ke nan. Abin da ya dace da Bodinga da Shagari shafi ɗaya ne, da Hausar boko da ajami, kyauta, wanda za a iya cikewa da baki a gaban sarkin kasuwa ko sarkin fawa, duba-gari yana rubutawa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Daular da suka kafa tana da muhtasibi mai duba mudu da hana algus a kasuwa. A Argungu ma, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, Sarkin Ruwa ne ke lura da lafiyar kogi, ba a faɗawa ruwa sai an ba da izini.

Takardar ba ta gama aiki ranar biki ba. Kwafinta ya kamata ya kwana a asibitin garin. In washegari aka kawo mutum biyar daga ƙauyuka daban-daban duk suna amai, ma'aikacin jinya zai tambaye su abin da suka ci da rumfar da suka tsaya, ya duba jerin sunaye, ya aika a tsayar da sauran garin lemon ko naman tun ba a kai shi kasuwar gaba ba.