Inshorar Gida da Kayan Cikinsa a Salaga, Yendi da Bawku

Inshorar gida yarjejeniya ce tsakanin mai gida da kamfani. Mai gida yana biyan wani ɗan kuɗi duk shekara, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyansa diyya idan gobara, ko wata masifar da aka ambata a takarda, ta lalata ginin ko kayan da ke ciki. Kuɗin da dubban mutane suka zuba ake tarawa wuri guda a biya 'yan ƙalilan ɗin da abin ya faɗa wa a wannan shekarar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a kan wannan fahimtar aka gina harkar baki ɗayanta. Ta samu gindin zama ne a Landan bayan gobarar 1666 da ta cinye gidaje fiye da 13,000, inda Nicholas Barbon ya buɗe ofishin inshorar gobara a wajajen 1680.

A Ghana, harkar ta shigo a 1924 ta hannun kamfanin Royal Exchange na Ingila, wanda shi ne asalin Enterprise Insurance na yau. Gwamnatin Nkrumah ta kafa kamfanin inshora na ƙasa, SIC, a 1962. Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIC, ita ce ke ba kamfanoni lasisi da sa musu ido, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ita ce ta 2021 mai lamba 1061. Tun daga dokar 2006 aka wajabta inshorar gobara a kan gine-ginen kasuwanci da jama'a ke shiga, irin su otal da manyan kantuna. Gidan zama kuwa an bar wa mai shi zaɓi. Duk da tsawon wannan tarihi, abin da 'yan Ghana ke zubawa a inshora bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. A zangon Salaga ko na Yendi, idan aka ce inshora, abin da ke zuwa zuciyar yawancin mutane shi ne katin asibiti na shirin lafiya da aka kafa a 2003, sai takardar mota da 'yan sanda ke tambaya a hanya.

Barazanar da gidaje ke fuskanta a waɗannan garuruwa tana bin yanayin shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya busar da komai, mafarauta da makiyaya da masu sharar gona suna cinna wa daji wuta, kuma iska na iya kai tartsatsi kan jinka ko rumbu a ƙauyukan da ke kewaye. A cikin gari kuma tsohuwar wayar lantarki, da tukunyar gas, da man fetur da ake ajiyewa a jarka su ne suka fi tayar da gobara. A watannin Afrilu da Mayu hadarin farko yakan zo da guguwa mai yaye kwanon rufi. A Agusta da Satumba sai ruwa: idan madatsar Bagre ta Burkina Faso ta cika aka buɗe ta, kogin Farin Volta yakan tumbatsa ya shiga gonaki da gidaje a yankunan Binduri da Bawku ta Yamma kafin ya gangara kudu. Ambaliyar 2007 ta shafi mutane fiye da 300,000 a arewacin ƙasar, ta kuma rushe gidajen ƙasa masu yawan gaske.

A irin wannan lokaci ne ake ganin iyakar gudummawa. Mutanen zango ba su san barin ɗan'uwa cikin toka ba: za a yi shela a masallaci, sarkin zango ya tara jama'a, wani ya kawo kwano, wani siminti, 'yan adashi su ba wanda abin ya shafa kwasar farko. Wannan yana ɗaukar gida ɗaya ko biyu. Amma idan ruwa ya ci unguwa guda, mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama abin taimako. Hukumar agajin gaggawa ta NADMO, da aka kafa a 1996, takan raba shinkafa da katifu da 'yan bandir na kwano, amma agaji ne na tsayar da rai, ba ya mayar da gida yadda yake.

Takardar inshora tana da matakai, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Mafi ƙanƙanta ta ƙunshi gobara da tsawa da fashewar gas na girki. Guguwa, ambaliya, fashewar bututun ruwa, mota ta kutsa cikin katanga, duk ƙari ne da ake rubutawa a biya musu ɗan kuɗi daban. Akwai kuma cikakkiyar takarda ta mai gida wadda ke haɗa waɗannan da satar fasa gida da diyyar maƙwabci ko baƙon da ya ji rauni. Abin da ba a rubuta ba, kamfani ba zai biya ba. Mutumin gefen kogi da ya sayi ta gobara kawai, ruwa ya zo ya ci gidansa, ba shi da hakkin ko sidi ɗaya. Haka kuma bangon da ya zube saboda tsufa, ko azarar da gara ta cinye, ba masifa ba ce a idon inshora, rashin gyara ne. Kayan gini ma suna da tasiri: gidan bulo da kwano ya fi sauƙin karɓa da arha, na jinka kuwa kamfanoni da yawa ko su ƙi shi ko su tsawwala kuɗinsa.

Batun rikici yana buƙatar a tsaya a kansa, domin garuruwan uku duk sun ɗanɗana. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro ta fataken Gwanja, har Hausawanta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran wurare. Rikicin ƙabilanci na 1994 ya ƙone ɗaruruwan ƙauyuka a yankunan Bimbilla da Yendi da Salaga. A Maris 2002 aka kai hari fadar Gbewaa a Yendi, aka kashe Ya Na Yakubu Andani na II. Rigimar sarautar Bawku kuma ta sake tashi a 2021, an yi asarar rayuka da gidaje da shaguna. A ƙa'idar inshora ta ko'ina, yaƙi da yaƙin basasa da tawaye ba sa cikin abin da takarda ta yau da kullum ke ɗauka. Tarzoma da ɓarnar ganganci ana iya ƙara su. Inda gardama ke tasowa shi ne wane suna za a ba abin da ya faru. Saboda haka mai gida a irin wannan wuri ya kamata ya tambayi wakilin kamfani kai tsaye: idan aka ƙone gidan a rikicin gari, za a biya ko ba za a biya ba? Kuma amsar ta kasance a rubuce cikin takarda, domin maganar baki ba ta da amfani ranar neman diyya.

Sai ƙimar da za a rubuta. Abin da ake so shi ne kuɗin sake gina gidan a farashin yau, ban da kuɗin fili, tunda wuta ba ta cin ƙasa. Wanda ya rage ƙima don ya biya kaɗan, kansa ya cuta. A ce sake gina gida zai ci sidi 400,000, mai shi ya rubuta 200,000, sai gobara ta yi ɓarnar 100,000. Kamfani zai ce rabin gidan aka yi wa inshora, don haka 50,000 zai biya. Hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba 2022, wanda ke nufin ƙimar da ta yi daidai shekara guda kafin nan ta koma kusan kashi biyu cikin uku na abin da ake buƙata. Dole a riƙa sabunta ta duk shekara. Tun 2014 kuma ƙa'idar NIC ita ce wanda bai biya kuɗin shekara ba, ba shi da kariya.

Ba kowa ne zai yi wa kowane gida inshora ba, sai wanda asara za ta hau kansa. Wannan yana da muhimmanci a gidajen gado da magada da yawa ke zaune cikinsu, inda sau da yawa takardar fili ta sarki ko mai unguwa ce kawai a hannu. Gara iyali su amince da mutum ɗaya da zai tsaya a madadinsu, a rubuta haka tun farko. Ɗan haya kuma ya sani cewa inshorar mai gida ta gini ce. Gadonsa da talabijin ɗinsa da keken ɗinkinsa, shi zai yi musu tasu.

Kayan ɗakin mata su ne aka fi mantawa, alhali a gidaje da dama sun kai darajar ɗaki guda: atamfofi da leshi a akwati, jeren kwanuka da tukwane na aure, sarƙa da 'yan kunne na zinari. Kamfanoni kan sa iyaka a kan gwal da tsabar kuɗi, sai an lissafa su ɗaya-ɗaya. Kayan sayarwa ma haka. Buhunan albasar ɗan kasuwar Bawku, ko doyar da aka jibge a zaure a Salaga ana jiran motar Kumasi, haja ce, tana buƙatar takardar kasuwanci. Babur yana ƙarƙashin inshorar abin hawa ko da a tsakar gida yake kwana.

Musulmi da yawa suna ja da baya saboda addini, kuma damuwarsu tana da tushe. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana da garari, wato rashin tabbas, sai ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A tsarin takaful kuɗin da ake zubawa kyauta ce ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne da ake biya ladan aiki, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma abin da ya ragu na mahalarta ne. An fara shi a Sudan a 1979, Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Garuruwa irin Yendi da Salaga, inda Musulmi suka fi yawa, suna da hakkin neman kamfanonin Ghana su kawo musu irinsa.

Idan masifa ta auku, a sanar da kamfani nan take, a karɓi rahoton 'yan kwana-kwana idan gobara ce, na 'yan sanda idan sata ce, kuma kada a share wurin sai mai ƙiyasin asara ya zo ya gani. Rasit da hotuna su ne shaida. Wanda ya ga an danne masa hakki yana iya kai ƙara ga NIC, wadda ke da sashen sauraron koke. Duk mai gida, ko ya yi inshora ko bai yi ba tukuna, ya zagaya ɗakunansa da waya ya ɗauki hoton abin da ya mallaka, ya aika wa ɗan'uwa a wani gari ya ajiye masa.