Kiwon tsutsar manyan ƙwari a Japan: Abin da ya kamata ku sani

A Japan, yara da manya suna kiwon wani ƙwaro mai ƙaho da suke kira kabutomushi. Shaguna na sayar da shi tare da kwalinsa da abincinsa. Tun daga 1999, lokacin da gwamnati ta sassauta dokar shigo da ƙwarin ƙasashen waje, masu sha'awar suka samu damar kiwon manya irin su Hercules na Kudancin Amurka, wanda namijinsa ke iya kaiwa santimita 17. Galibin aikin kuwa a kan tsutsar yake, wata fara mai kauri, 'yar uwar gwazarmar da ake tonowa a juji.

Me ya sa tsutsar ta fi muhimmanci?

Ƙwaro ba ya ƙara girma bayan ya fito da fukafukai. Girman jikinsa da tsawon ƙahonsa sun dogara ne da abin da ya ci yana tsutsa. Kabutomushi na yin ƙwai a ƙarshen lokacin zafi, tsutsar ta yi saɓa sau biyu, ta shafe hunturu a cikin ƙasa, sai wajen Yuni ko Yuli ƙwaron ya fito, ya rayu wata ɗaya zuwa uku. Tsutsar Hercules kan yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta rikiɗe.

Me take ci?

Ƙasar da take kwance a ciki ita ce abincinta. Ruɓaɓɓen ganye ne da garin katako da aka bari ya ruɓe sosai, daga itatuwa masu faɗin ganye. Ɗanyen garin katako ba ya narkuwa a cikin tsutsar, ƙasar shuka fulawa kuma tana iya zuwa da maganin ƙwari.

Ana gwada laimar ƙasar da hannu. A damƙi ƙasar: idan ta dunƙule ba ta ɗiga ruwa ba, ta yi daidai. Idan kashin tsutsar, 'yan baƙaƙen ƙwayoyi, ya cika saman kwalin, abinci ya ƙare. Sai a tankaɗe ƙasar, a zuba sabuwa, a gauraya da ɗan abin da ya rage na tsohuwar.

Ƙwaron Goliath, da ake samu a dazukan Kamaru da maƙwabtanta, shi daban ne. Tsutsarsa na buƙatar abinci mai gina jiki, shi ya sa masu kiwo ke jiƙa mata ƙwayoyin abincin kare ko na kyanwa. Ana kwashe saura kafin ya yi funfuna, kuma kowace tsutsa da mazubinta, domin suna cinye juna.

Ina ake yin kuskure?

Babban kuskure shi ne tono. Idan tsutsa ta ƙoshi, jikinta ya yi ruwan ɗorawa, sai ta daina ci, ta gina ɗan ɗaki a cikin ƙasa inda za ta rikiɗe. In ɗakin ya rushe, ƙwaron kan fito da nakasassun fukafukai ko ya mutu. Saboda haka masu kiwon kabutomushi ke daina sauya ƙasa daga wajen Afrilu.

Zafi ma na kashe tsutsotsin. Nau'o'in ƙasashen waje sun fi son awo 20 zuwa 25 na ma'aunin Salsiyos, a inuwa, a mazubi mai ƙofofin iska.

Bayan ƙwaron ya fito fa?

Abincinsa ya koma zaƙi: ayaba, tuffa, ko wani daskararren zaƙi da ake sayarwa a ƙananan kofuna. Masana a Japan suna gargaɗin kada a saki baƙon ƙwaro a daji, domin yana iya barbarar na gida ko ya kawo musu cuta. Wanda ya gaji da kiwo, ya nemi wani mai sha'awa ya ba shi.