Ƙwarewa: Sanin da Ke Zaune a Hannu

Ƙwarewa ita ce iya aiwatar da wani aiki yadda ya kamata, a kai a kai, ba tare da mai yin sa ya tsaya lalube ba, kuma ta bambanta da baiwa, wadda ake haihuwar mutum da ita, kamar yadda ta bambanta da ilimin da ake karantawa a littafi. Mutum yana iya sanin sunan kowane ƙarfe da ke cikin injin mota amma ya kasa gano abin da ke damunsa, alhali makanikin da ya shekara goma a gareji a Minna zai kasa kunne kawai ya ce ga inda matsalar take. Irin wannan sani ba ya samuwa sai da maimaici da gyaran maigida, tun daga lokacin da yaro yake miƙa sifana har ranar da za a yaye shi.

Jihar Neja tana da babban misali a kan haka, wato Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya da aka haifa a ƙauyen Kwali wajajen 1925, ta kuma rasu a Minna a 1984. Ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwarta, bisa hanyar Gwarawa ta gini, inda maginiya ke murza yumɓu tana ɗora shi zobe bisa zobe, tana zagaya tukunyar da ƙafa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har bakin randa ya fito daidai ba tare da wani ma'auni ba. Kafin yumɓun ya bushe sai ta zana masa kunama da ƙadangare da kada da kifi. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana ajiye tukwanenta a fada, kuma a can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su, shi ne kuma ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, wanda yau ake kira Suleja. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko.

A nan ne wani abin lura game da ƙwarewa ya bayyana, domin Ladi ta koyi gini a kan faifai mai juyawa da shafa ruwan sheƙi da gasawa a tanderu mai tsananin zafi, amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su. Sai dai randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo, wato jikinta yana fitar da danshi iska tana busar da shi, don haka da aka rufe ta da sheƙi sai ta yi nauyi, ta daina wannan aiki, ta koma kayan ado da ake baje kolinsa a Landan. Hannun bai canza ba, masu sayen ne suka canza.

Matar da ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne ke bayan takardar naira 20. Duk da haka, a Minna, inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya take tun 1983, har yanzu ma'aikatu da yawa takardar shaida suke fara tambaya, abin da ke barin tela ko mai walda da ya ƙware a hannun maigida ba shi da abin nunawa ranar ɗaukar aiki.