KAFIRETON KASUWA: ABIN DA YA KAMATA MAI MOTA YA SANI KAFIN YA SAYA

Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kowane mai mota ya shiga lissafin abin da injinsa ke sha. A garin Bauchi, kamar sauran garuruwa, wannan ya sa waɗansu direbobi suna neman canza kafireto. Wani ana ce masa sabon zai rage shan mai, wani kuwa ana ce masa zai ƙara wa mota gudu da ƙarfin ɗaukar kaya. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san abin da ke gaskiya a cikin waɗannan maganganu.

Aikin kafireto

Injin fetur ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, sai an gauraya man da iska. Kafireto shi ne ma'aunin wannan gauraye. Iska tana bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci a cikinsa, saurinta ya tsotso fetur ta waɗansu 'yan ƙananan ramuka da makanikai ke kira jet. In an bi nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar wajen kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ragowar fetur ya wanke man da ke jikin silinda har ringi ya ci. Idan kuma mai ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, bawul ya ƙone. Injin dizal ba shi da kafireto, saboda haka wannan magana ba ta shafi manyan motoci da taraktoci irin waɗanda kamfanin Steyr ya fara harhaɗawa a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970 ba.

A ƙasashen Turai an bar sa kafireto a sababbin motoci tun wajen 1993, sa'ad da dokar rage hayaƙi ta tilasta komawa ga injekta. Amma a nan gida har yanzu akwai tsofaffin Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna, da aka buɗe a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa, da tsofaffin Golf, da babura da janareto masu yawa, duk da shi suke aiki.

Babba ba shi ne mai ƙarfi ba

Kafireton ƙarin ƙarfi na gaske akwai shi. Kamfanin Weber, wanda aka kafa a Bologna ta ƙasar Italiya a 1923, da Holley na Amurka, sun yi suna a wannan sana'a. Wani sanannen samfurin Weber shi ne 32/36, ma'ana yana da maƙogwaro biyu, ɗaya mai faɗin milimita 32, ɗaya 36. Ƙaramin shi ke aiki a tafiyar yau da kullum, babban ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. To, a nan ne maganar rage shan mai ke rushewa: direban da ya saba taka totur har ƙasa, da maƙogwaro biyu zai riƙa shan mai.

Sa'an nan kuma inji ba ya shaƙar iskar da ta wuce girman silindarsa. In aka ɗora masa kafireton da ya fi ƙarfinsa, iska ta rasa sauri a cikin maƙogwaron, fetur ba ya tarwatsewa da kyau, sai mota ta riƙa shaƙewa wajen tashi, ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya. Masu motocin tsere da ke samun amfaninsa sukan gyara bawul da salansa da lokacin wuta gaba ɗaya. Injin da ya riga ya gaji kuwa, gyara yake bukata, ba sabon kafireto ba.

Akwai kuma maganar tudu. Bauchi tana bisa wajen mita 600 daga gaɓar teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Ko da yaushe aka hau sama iska tana raguwa, amma jet bai san da haka ba. Kafireton da aka daidaita a Legas zai ɗan ba da mai fiye da kima a Bauchi, ya ƙara a Jos. Don haka duk wanda aka ɗaura, ko na ainihi ne, sai an daidaita shi a inda motar ke aiki.

Na jabu

Babbar matsala ita ce kwaikwayo. Ana ƙera waɗansu da siffar na ainihi, har da lamba, amma aikin ciki ba ɗaya ba. Ramin jet ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, saboda haka kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya ɓata ma'auni. Sandar da ke buɗe maƙogwaro takan yi lako-lako bayan 'yan watanni, iska ta riƙa shiga ta gefe, silo ya ƙi tsayawa ko yaya makaniki ya juya sukuru. Mafi haɗari shi ne allurar da ke tsayar da mai in kwanon kafireto ya cika. In ba ta rufe da kyau ba, fetur zai malalo bisa inji mai zafi, kuma ta haka mota kan kama wuta da mutane a ciki.

Haka nan waɗansu kan cire injekta su sa kafireto don gudun wahalar gyara. Famfon man injekta yana turo mai da ƙarfin da ya ninka abin da kafireto ke iya tarewa sau da yawa. In ba a canza famfon ko an sa abin rage ƙarfinsa ba, malalar mai ba makawa.

Ba kowane laifi ba ne na kafireto. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, mota ta shiga shan mai. Gurɓataccen fetur, irin mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon shekarar 2022, yana cin roba da ƙarfen ciki. A fara duba waɗannan, da fulogi, kafin a zargi kafireto. Sau da yawa wanke na asali da canza allura da robobinsa ya fi sayen sabo marar asali.

Wajen saye

Mai saye ya tafi da makanikinsa da kuma tsohon kafireton, a gwada lamba da ramukan ɗauri. A duba sunan maƙera da ƙasar da aka yi shi, a jikin ƙarfen ba a kwali kaɗai ba. A girgiza sandar maƙogwaro da hannu, kada ta yi motsi gefe. A tambayi ɗan kasuwa ko akwai jet da allura na canji, domin wanda ba shi da kayan gyara na yarwa ne. A karɓi rasit mai sunan kanti da kwanan wata. Bayan an ɗaura, a bar inji yana aiki, a duba ko akwai yoyo ko warin fetur kafin a hau hanya.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin hana kaya marasa inganci. Hukumar FCCPC, wadda Dokar 2018 ta kafa, ita ke karɓar ƙarar mai saye da aka cuta. Wanda zai kai kuka gare su ya riƙe kayan, da kwalinsa, da rasit.