Yadda masu fasaha suka sauya hoton 'yan wasa masu nakasa

Wanda ya bi gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a birnin Paris daga 28 ga Agusta zuwa 8 ga Satumban 2024, wadda Faransawa ke kira Jeux paralympiques, zai tuna da jar hular nan mai idanu da aka yi wa gasar alama da ita. Ƙafarta ɗaya ta roba ce, irin lanƙwasasshiyar da 'yan tsere ke ɗaurawa, kuma ba a ɓoye ta ba. Kafin a kai ga haka, an shafe shekaru kusan talatin ana muhawara tsakanin masu ɗaukar hoto, masu sassaƙa da su kansu 'yan wasan a kan yadda ya kamata a nuna jikin da ya rasa hannu ko ƙafa.

Tsohon hoton duk mun san shi. Mai kyamara yana tsaye, wanda ake ɗauka yana zaune a ƙasa, ido ya faɗa, ba suna, ba sana'a. Da irinsa ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna neman kuɗi, kuma abu ɗaya yake roƙo a wurin mai kallo, wato tausayi. Mai ɗaukar hoton fasaha kuwa durƙusawa yake yi har kyamara ta daidaita da idon ɗan wasan, ko ma ta yi ƙasa da shi, don mutum ya cika hoton. Yakan kawo haske daga gefe domin damtse da jijiyoyin wuya su fito. Keke ko sanda ko ƙafar roba suna fitowa a matsayin kayan aiki, kamar guduma a hannun maƙeri. A ƙasan hoton kuma a rubuta sunansa da wasan da yake yi da abin da ya ci.

Shekarar 1998 ce aka fi ambata idan ana maganar mafarin wannan salo. Aimee Mullins, 'yar tseren Amurka da aka yanke wa ƙafafu biyu daga ƙasan gwiwa tana shekara ɗaya a duniya, ta yi gasar Atlanta a 1996. Bayan shekara biyu mai hoto Nick Knight ya ɗauke ta don bangon mujallar Dazed & Confused, sannan mai tsara tufafi Alexander McQueen ya sa ta buɗe bikin nuna kayansa a Landan. Ta fito da ƙafafun katako da aka sassaƙa wa furanni da 'ya'yan inabi. Da yawa daga 'yan kallo sun ɗauka dogayen takalma ne, har suna sha'awarsu.

A daidai wannan lokaci wani mai sassaƙa ɗan Ingila, Marc Quinn, ya lura da wani abu a gidajen adana kayan tarihi. Mutane suna tsayawa gaban tsofaffin mutum-mutumin Girkawa da hannuwansu suka karye, irin Vénus de Milo da ke gidan Louvre, suna yaba kyawunsu. Amma da za su haɗu da mai rai da ba shi da hannu a bakin ƙofa, kawar da kai za su yi. Sai ya fara sassaƙa masu nakasa na gaskiya da farin dutsen nan da ake kira marbre, wanda aka saba keɓe wa sarakuna da jarumai. Cikinsu akwai Peter Hull, ɗan ninƙayar da ya ci zinare uku a Barcelona a 1992. Mafi shahara shi ne na Alison Lapper, mai zane da aka haifa ba hannuwa, wanda aka kafa a dandalin Trafalgar a 2005, aka kuma yi ƙaton kwafinsa a bikin buɗe gasar Landan ta 2012. Yawancin waɗannan ayyuka tsirara suke nuna jiki, abin da al'adarmu da addininmu ba su karɓa ba, kuma ba sai mun kwaikwaye su a nan ba. Tambayar da Quinn ya jefa ce ta shafe mu: me ya sa rashin hannu ya zama ado a jikin dutse, ya zama abin kunya a jikin ɗan'adam?

Fim ɗin Rising Phoenix da Netflix ta fitar a 2020 ya ɗora daga nan, inda aka nuna 'yan wasa da siffar mutum-mutumin farin dutse. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jean-Baptiste Alaize, mai dogon tsalle, wanda ya rasa ƙafarsa yana ɗan shekara uku a yaƙin basasar Burundi kafin a kai shi Faransa.

Sai dai salon bai tsira daga suka ba, kuma sukan da ya fi zafi daga masu nakasa ya fito. A 2012 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta yi tallar gasar da wani take da ke kiran 'yan wasan mutanen da suka zarce ɗan'adam. Tallar ta yi farin jini sosai. Amma wasu suka ce to ina makomar gurgun da ba ya tsere, wanda burinsa kawai ya samu hanyar shiga aji ko asibiti? A 2014 wata 'yar jarida ta Ostireliya mai amfani da keken guragu, Stella Young, ta yi wani jawabi da ya zagaya duniya, tana cewa ana amfani da hotunan masu nakasa ne don masu lafiya su ji daɗin halin da suke ciki. A ganina ta yi gaskiya. Hoton da ya ɗaga mutum sama da mutane da wanda ya jefa shi ƙasa da su, dukansu sun cire shi daga cikin jama'a. A gasar 2024 tashar ta bar wancan take.

Abin da ya faru a Brazil a 2016 ya fi muni. Mujallar Vogue ta ƙasar ta wallafa hoton wasu taurarin fim biyu masu cikakkiyar lafiya, aka goge wa macen hannu da kwamfuta, aka sa wa namijin ƙafar roba. Jikin da aka kwaikwaya na 'yan wasa ne na gaskiya, Bruna Alexandre mai ƙwallon tebur da Renato Leite mai ƙwallon raga ta zaune. An ari nakasarsu, an bar fuskokinsu.

Akwai wata matsalar da ta fi kusa da mu. Kyawun da waɗannan hotuna ke nunawa ya jingina ƙwarai da kaya masu tsada. Ƙafar tsere guda ɗaya tana cin miliyoyin sefa, kuma yaro yana girma sai an sauya ta. Idan ita ce ma'aunin kyau, 'yan wasanmu sun fita daga lissafi tun kafin a kunna kyamara. Alhali akwai su. A Paris, Folashade Oluwafemiayo ta Najeriya ta ɗaga kilo 167, ta ci zinare, ta kafa tarihin duniya, Mariam Eniola Bolaji kuma ta ci tagulla a badminton. A Kano waɗanda shan inna ya taɓa suna buga ƙwallo a kan katako mai tayoyi, suna tura kansu da hannu, suna bugun ƙwallon da hannu, kuma ana irin wannan wasa a Accra. Baƙin masu hoto sukan zo su ɗauke su, amma sau da yawa ƙura da yagaggiyar riga ne suke cika hoton, faɗin ƙirji da saurin juyawa su ɓace.

Gyaran wannan ba ya buƙatar babbar kyamara. Wayar hannu ta isa, idan mai ita ya nemi izini, ya tambayi suna, ya zauna a kan siminti daidai da ɗan wasan, ya jira lokacin da ya miƙa hannu zai tare ƙwallo. Daga wannan kusurwa, silifas ɗin da wasunsu ke sa wa a tafin hannu don kare fata yana fitowa ne kamar safar mai tsaron gida.